Pattern Radio: manhajar da ke sa ido ya taya kunne sauraron waƙar dabbar wel

A watan Yuni na shekarar 2019 kamfanin Google da hukumar kula da tekuna da yanayi ta Amurka, wato NOAA, suka fitar da wata manhaja mai suna Pattern Radio, wadda ake buɗewa kyauta a intanet ba tare da an sauke komai a kwamfuta ba. Abin da ke cikinta shi ne sautin da aka naɗa a ƙarƙashin tekun Fasifik na fiye da awa 8,000, wato kusan wata 11 idan mutum zai zauna ya saurara dare da rana, kuma an mayar da wannan sauti gaba ɗaya zuwa zane mai launi wanda ake iya ja hagu da dama, a zuƙo shi kusa ko a mayar da shi nesa. Tauraruwar manhajar ita ce dabbar wel mai doro, wannan ƙatuwar dabbar teku da tsawonta kan kai mita 15, nauyinta ya doshi tan 40, wadda take haihuwa ta shayar da ɗanta nono, kuma take zuwa ruwan gaɓar teku maras zurfi a lokacin sanyi domin barbara da haihuwa. A ganina manhajar ta yi nasara ƙwarai wajen koya wa mutum sauraro, amma a fannin kare dabbobin teku ta buɗe ƙofa ne kawai ta bar mai shiga ya nemi hanya da kansa.

Asalin aikin wata matsala ce da ta sha kan masu bincike. Cibiyar NOAA da ke Honolulu ta fara ajiye na'urorin naɗar sauti a ƙasan teku tun 2005, a wurare daban-daban da suka haɗa da tsibiran Hawai da Saipan da Wake da Palmyra, inda kowace na'ura kan yi watanni tana naɗa kafin a je a ɗauko ta. Sautin ya taru har ya wuce awa 170,000, abin da zai ci wa mutum ɗaya fiye da shekara 19 yana sauraro ba barci ba hutu. Wata masaniyar teku ta cibiyar, Ann Allen, ita ce ta nemi taimakon injiniyoyin Google, su kuma suka horar da ƙirƙirarriyar basira ta riƙa gane waƙar wel mai doro a cikin wannan tulin sauti. Dabarar da suka bi ita ce ta haifi manhajar: ba su sa kwamfuta ta saurara ba, sun mayar da sautin hoto ne suka sa ta duba, kamar yadda ake koya mata gane fuska ko mota a hoto. Da aka gudanar da wannan tsari a kan dukan ajiyar, har an gano waƙar a yankin Kingman Reef da ke tsakiyar tekun Fasifik, inda ba a taɓa rubuta cewa dabbar tana zuwa ba.

Da zarar an buɗe manhajar, zanen sauti ne ya cika allo. Lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, kakkaurar murya tana ƙasa, siririyar murya tana sama, kuma gwargwadon ƙarfin sauti gwargwadon hasken da yake yi a zanen. Idan aka zuƙo sosai har daƙiƙoƙi kaɗan suka cika allon, sai a ga kowane kuka da siffarsa: wani layi ne da ya taso daga ƙasa ya lanƙwasa sama da sauri, wani kuma ya miƙe a kwance yana rawa kaɗan, wani gurnani ne da ke fitowa kamar ɗigo-ɗigo a jere, kuma sau da yawa akan ga layuka uku ko huɗu masu siffa ɗaya sun hau kan juna, domin murya ɗaya tana ɗauke da amo fiye da ɗaya. Mai sauraro yana ganin siffar tana tahowa kafin kunnensa ya ji ta, kuma bayan 'yan mintuna sai ya fara cinkar abin da zai biyo baya. A nan ne darajar manhajar take. Kunne shi kaɗai ba ya iya riƙe wannan waƙa, saboda dabbar tana rera ta a hankali ƙwarai, kafin wani sashe ya dawo mutum ya riga ya manta farkonsa, amma ido yana iya ɗaukar minti goma a kallo ɗaya ya ga inda aka maimaita.

A ƙarƙashin zanen akwai wani layi mai launi da ke nuna inda kwamfuta take ganin akwai waƙar wel, yana haske inda ta fi amincewa, yana dusashewa inda take ganin babu. Idan aka mayar da zanen nesa har makonni suka shiga allo ɗaya, wannan layi shi ne jagora, domin yana hana mutum ɓata lokaci a kwanakin da teku ba ta da komai sai shuuu. Yana kuma nuna abin da babu mai gani a sauraron awa ɗaya, wato yadda waƙar take zuwa da lokacinta, ta yi yawa, sannan ta ɗauke idan dabbobin sun yi ƙaura zuwa wuraren kiwonsu. Akwai kuma wani ƙarin aiki da na fi so: idan aka tsaya a kan wani sauti, manhajar tana haskaka sauran wuraren da ke kusa masu kama da shi, sai maimaicin ya fito fili ko ga wanda bai san komai game da kiɗa ba.

Wanda ya san yadda ake gina rubutacciyar waƙa ba zai sha wahalar gane abin da yake gani ba. Ƙaramin kuka guda shi ne gaɓa, gaɓoɓi kaɗan su haɗu su ba da ɗango, a maimaita ɗangon sau da yawa ya zama baiti, baitoci kuma su biyo juna a tsari sananne su zama waƙa ɗaya da kan ɗauki minti 10 zuwa 20, sannan dabbar ta koma farko ta sake, wani lokaci na tsawon sa'o'i. Maza ne kaɗai suke rerawa, kuma dukan mazan da ke yanki ɗaya suna rera waƙa iri ɗaya a kakar shekara ɗaya. Wannan tsari Roger Payne da Scott McVay ne suka bayyana shi a mujallar Science a 1971, daga sautin da wani injiniya mai suna Frank Watlington ya naɗa a gaɓar Barmuda yayin da yake yi wa sojojin ruwan Amurka aiki, kuma abin lura shi ne su ma da zane suka tabbatar da hujjarsu, domin sai da aka bi zanen sautin da hannu aka fitar da siffar kowane kuka aka jera su kafin tsarin ya bayyana. Daga baya Katy Payne, wadda ta yi karatun kiɗa, ta bi naɗe-naɗen shekaru masu yawa ta gano cewa waƙar tana sauyawa a hankali, kuma mazan duka suna bin sauyin tare, ita da Linda Guinee kuma suka nuna cewa akwai abin da ya yi kama da amsa-amo a ƙarshen ɗangogi. Aikin da ya ci wa waɗannan mutane shekaru, manhajar ta ajiye shi a gaban ɗalibin sakandare ya gani da idonsa a zama ɗaya, kuma ko da ba ta yi komai ba sai wannan, ta cancanci yabo.

An kuma tanadi rangadi da masana suke jagoranta, inda kowannensu yake kai mutum wuraren da ya zaɓa a cikin sautin yana bayani a rubuce. Akwai na Ann Allen, akwai na Christopher Clark, masanin sautin dabbobi na Jami'ar Cornell, akwai kuma na Annie Lewandowski, mai tsara kiɗa da ke koyarwa a wannan jami'a. Shawarata ita ce a fara da waɗannan kafin a shiga yawo kai tsaye, saboda masanin kimiyya da makaɗi ba abu ɗaya suke nunawa ba ko da sun tsaya a kan minti ɗaya, kuma ganin wannan bambanci darasi ne shi kansa. Bayanan da Turanci suke, wanda hakan cikas ne ga masu amfani da yawa a duniya, sai dai zanen da sautin ba sa bukatar tafinta.

Ga mai zane da makaɗi, manhajar ma'ajiya ce ta kayan aiki. Malamin zane zai iya tsayar da ɗango ɗaya a allo, ya sa ɗalibai su kwafi siffofin a takarda, su ba kowace gaɓa launinta, sannan su ci gaba da sauraro suna ɗiga launin duk lokacin da gaɓar ta dawo, kuma kafin a tashi darasi kowa zai ga ya samar da zane mai tsari wanda ba shi ya ƙirƙiro tsarin ba. Makaɗi kuma zai tarar da ƙalubale na gaske idan ya yi ƙoƙarin bin waƙar da abin busa ko abin kaɗawa mai tsirkiya, domin muryar dabbar ba ta tsayawa a kan matakan sauti da aka saba, zamewa take yi daga ƙasa zuwa sama ba tare da yankewa ba, kuma shirun da ke tsakanin kuka da kuka yana da tsawon da ke gwada haƙurin ɗan Adam. Ana iya aika wa wani adireshin daidai wurin da aka tsaya a cikin sautin, abin da ke sauƙaƙa aikin haɗin gwiwa tsakanin mutanen da ba sa wuri ɗaya. Wajibi ne dai a yi amfani da abin sauraro na kunne mai kyau, domin ƙaramar lasifikar waya ko ta kwamfutar tafi-da-gidanka tana zubar da kakkaurar murya gaba ɗaya, sai mutum ya ga layi yana haske a ƙasan zanen amma bai ji komai ba.

Hujja mafi ƙarfi da manhajar ta kawo game da kare dabbobin teku ba a rubuce take ba, a cikin zanen take. Na'urar da ke ƙasan teku ba ta zaɓar abin da za ta naɗa, saboda haka ƙarar jiragen ruwa tana nan a cikin sautin. Jirgi ba ya fitowa da siffa mai kyau kamar kukan wel, hazo yake yi mai kauri wanda ke fara cika ƙasan zanen a hankali, ya yi ƙarfi, ya rufe layukan waƙar, sannan ya janye bayan jirgin ya yi nisa. Wanda ya kalli wannan sau ɗaya ya fahimci matsalar hayaniya a teku fiye da wanda ya karanta dogon rahoto. Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwa, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska, haske kuwa ba ya nisa a ƙarƙashin teku, don haka waɗannan dabbobi da ji suke rayuwa. Wani bincike da Coen Elemans ya jagoranta, wanda mujallar Nature ta buga a 2024, ya nuna yadda maƙogwaron irin waɗannan dabbobi yake samar da murya, ya kuma nuna cewa kakkauran sautukan da suke iya fitarwa suna faɗawa daidai zangon da injinan jiragen ruwa suka fi cikawa, kuma halittar maƙogwaron ba ta ba su damar kauce wa wannan zango yadda suke so.

Sai dai daga nan ne nake ganin gazawar aikin. Kyawun waƙar yana iya yaudarar mai sauraro ya ɗauka cewa komai lafiya, alhali na'ura ɗaya da ke kafe a wuri ɗaya ba za ta iya gaya masa ko dabbobi nawa ne ba, ko suna ƙoshi, ko matan suna haihuwa. Mata da 'ya'ya ba sa rera wannan waƙa, kuma su ne suka fi kusantar gaɓa, inda haɗarin karo da jirgi ya fi yawa. Igiyoyin kamun kifi da tarun da aka yasar, waɗanda ke nannaɗe dabbar su yanke mata fata ko su ja ta har ta gaji, ba su da wata ƙara da za ta fito a zanen. Yunwa ma haka. Tsakanin 2014 da 2016 ruwan arewa maso gabashin Fasifik ya yi wani ɗumi da ba a saba gani ba, ƙananan kifaye da halittu masu kama da jatan lande da dabbar ke ci suka ragu, kuma wani bincike da aka buga a 2024, wanda ya dogara da hotunan wutsiyar dabbobin domin kowace wutsiya da irin zanenta, ya ƙiyasta cewa yawansu a arewacin Fasifik ya ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari daga 2012 zuwa 2021, wato kimanin dabbobi 7,000. Wanda ya tsaya ga sauraro kawai ba zai san wannan ba. Da an ɗora irin waɗannan bayanai a kan layin lokacin da manhajar ta riga ta tanada, da aikin ya tashi daga abin sha'awa zuwa abin da ke sa mutum tambayar me ya kamata a yi.

Wannan gazawa ta fi fitowa idan aka tuna abin da wannan waƙa ta taɓa yi a tarihi. An yi wa wel mai doro kisan ƙare dangi a ƙarni na 20 saboda mai da nama, har sai da aka haramta farautarta ta kasuwanci a duniya a tsakiyar shekarun 1960. Faifan sautinta da Roger Payne ya fitar a 1970 ya sayu fiye da kwafi 100,000, a watan Janairu na 1979 kuma mujallar National Geographic ta raba wani ɗan faifai mai laushi na waƙar a cikin kwafi fiye da miliyan 10, bayan da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta riga ta sa sautin a faifan zinare da kumbon Voyager ya tafi da shi a 1977. Ba waƙa kaɗai ce ta sa hukumar kula da farautar wel ta duniya ta amince da dakatar da farautar kasuwanci a 1982 ba, dakatarwar da ta fara aiki a 1986, amma ta sauya yadda talakawa suke kallon dabbar, kuma waɗanda suka yaɗa sautin a wancan lokaci sun haɗa shi da buƙata ɗaya bayyananniya, wato a daina kisa. Sakamakon ya biyo baya: Amurka ta ayyana ruwan Hawai a matsayin mafakar dabbar a 1992, kuma a 2016 ta cire rukuni 9 daga cikin 14 na wel mai doro daga jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, har da rukunin da ke tafiyar kusan kilomita 4,800 daga Alaska zuwa Hawai duk shekara. Barazanar yau ba ta da fuska ɗaya kamar ta maharbi, ta rarrabu tsakanin saurin jirage da kayan kamun kifi da ɗumamar ruwa, kuma wannan ne ya sa take bukatar bayani fiye da ta da. Ita kanta Lewandowski ta nuna yadda ake cike wannan giɓi, domin daga baya ta yi aiki da wani mai fasaha mai suna Kyle McDonald a kan wani baje koli da ya haɗa waƙar dabbar da haske da kayan kamun kifi da aka tsamo daga teku, ta yadda mai sauraro yana jin muryar yana kuma kallon abin da ke kashe mai muryar.

Akwai wasu iyakoki ƙanana da ya kamata mai amfani ya sani tun farko. Sautin ajiyayye ne, ba kai tsaye yake zuwa daga teku ba. Kwamfutar an horar da ita ne a kan dabba ɗaya, saboda haka sauran sautukan da ake cin karo da su, na kifaye da na abubuwan da ba a tantance ba, layin launi ba ya cewa komai a kansu, kuma hasken layin ƙiyasi ne wanda kan iya kuskure, musamman inda waƙar ta yi nisa ko hayaniya ta yi yawa. Haka kuma abin da ya fi ban mamaki game da waƙar, wato yadda take ƙaura daga wannan al'umma ta dabbobi zuwa waccan, ya fi ƙarfin ajiyar da aka buɗe. Michael Noad da abokan aikinsa sun nuna cewa tsakanin 1996 da 1998 mazan gabashin Ostireliya sun yasar da waƙarsu gaba ɗaya suka ɗauki ta mazan yammacin ƙasar, Ellen Garland kuma ta nuna a 2011 cewa waƙoƙi suna bin kudancin Fasifik daga yamma zuwa gabas har tsibiran Folinisiya na Faransa cikin kimanin shekara biyu. Ganin irin wannan yana bukatar sautin wurare da yawa na shekaru da yawa a jere kusa da juna.

Na ba da shawarar manhajar ba tare da jinkiri ba ga malaman kiɗa da na zane da na kimiyyar halittu, ga masu tsara sauti, da kuma iyayen da ke neman abin da zai zaunar da yaro wuri ɗaya yana kallo yana tambaya. An fi jin daɗinta a babban allo na kwamfuta fiye da waya, saboda zuƙowa da ja suna bukatar fili. Malamin da zai shiga aji da ita kuwa ya kamata ya nemo wurin da jirgi ya ratsa cikin waƙa tun kafin darasi ya ajiye adireshinsa, ya kuma zo da hoton dabbar da igiya ta nannaɗe da alƙaluman raguwar da aka samu bayan 2014, domin waɗannan biyun ba zai same su a cikin sautin ba.